Gangar Mutuwa ga Amarya Mai Rai

Anbarasu ne ya fara ganin hoton, shi ya sa ya tsaya cak a tsakiyar tasha, har wani mai ɗauke da kan ayaba ya yi karo da bayansa, ya wuce yana zaginsa.

A bangon rumfar jira aka manna shi, ko bushewa bai yi ba. Fuskar matarsa ce, Malarkodi, tana murmushi cikin koren sari, zanen matanmu. A sama an zana manyan idanu biyu suna ɗigar da hawaye, irin waɗanda ake zana wa duk wanda ya mutu a wajenmu. A ƙasa ga ranar haihuwa, ga ranar rasuwa. Ranar rasuwar kuwa ita ce ranar da ya ɗaura mata zaren aure a wuya, a ofishin rajista.

Ya yi maza ya sha gabanta don ya kare mata. Sai dai Anbarasu siririn mutum ne, aikin kwandasta ya tsotse shi. Ko turken lantarki ba zai iya karewa ba.

"Matsa," ta ce.

"Talla ce fa. Ta maganin basir."

"Kwandasta, matsa."

Ya matsa. Ta tsaya ta karanta tun daga sama har ƙasa, yadda take duba aikin ɗalibanta, har inda aka rubuta cewa masu jimami su ne uba da uwa da dangi.

"Ranar da aka ɗauke ni aikin koyarwa aka yi hoton nan," ta ce a hankali. "Appa, mahaifina, shi ya zaɓi sarin da kansa. Ya ce kore ya fi karɓata."

Da suka ɗaga kai suka ga ba guda ɗaya ba ne. Ga shi a jikin shagon magani, ga shi a bayan bas, ga shi jere a katanga har hanyar kotu, inda za su.

Ƙauyenmu dai biyu ne a cikin ɗaya. Akwai unguwar sama, masu gonakin shinkafa da gidan bauta. Akwai unguwar ƙasa a bayan tafki, mu ke nan, masu yi musu noma, mu janye musu mushe, mu kaɗa musu ganga idan sun mutu. Malarkodi 'yar Ayya Ponnambalam ce, babban mai gona na unguwar sama; Ayya lakabin manya ne a wajenmu. Anbarasu ɗan Sangili ne, makaɗin gangar mutuwa. Ko da kakin gwamnati a jikinsa, in zai ratsa layinsu sai ya cire takalmi ya riƙe a hannu.

Malarkodi ta haura talatin, shi kuwa sanƙo ya fara cin gaban kansa. Shekara da shekaru tana ƙin Duraipandi, ɗan kawunta mai motocin yashi, wanda al'ada ta ce shi ne ya fi kowa haƙƙi a kanta. Ashe abin da take so yana cikin bas ɗin safe, yana yaga tikiti yana kuskuren canji duk sanda ta shigo.

Da suka gudu suka yi aure, Ayya ya kai ƙara cewa an sace masa 'ya. Yau kotu ta kira su. Tambaya ɗaya alƙaliya za ta yi wa Malarkodi: wa za ki bi?

Wayar Anbarasu ta yi ƙara a aljihu, ya zabura kamar an ɗana masa wuta. Sangili ne.

"Appa?"

"Kana raye?"

"Ya zuwa yanzu."

"To saurara. Duraipandi ya zo da sassafe. Ya tsaya a bakin tafki yana ƙwala min kira, don ka san tayar motarsa ma ba ta taka unguwarmu. Ya ce yau da yamma za a yi zaman makokin ƙaramar uwar ɗaki, wato matarka. Za a yi aski, a yi wanka, a fasa tukunya. Ya ce in gasa fatar ganga a wuta, in shirya kiɗa."

Anbarasu ya ja da baya. Ya jingina da katanga, sai ya lura a kan fuskar matarsa ya jingina, ya yi sauri ya janye.

"Me ka ce masa?"

"Na ce to, Ayya. Me kake so in ce? Ya ce in ban zo ba, babu ɗan unguwarmu da zai ƙara shiga gona a bana. Ya ƙara da cewa rufin kaba ya bushe sosai, mu riƙa lura da wuta."

"Appa, surukarka ce fa."

"Ni na ce maka 'yar maƙwabta ce?" Tsohon ya yi tari. "Uwarka tun ɗazu take kuka. Akuya ma ta ƙi cin abinci, amma ita ina jin cikinta ne."

Tsohon ya kashe wayar.

Wanda bai tashi a wajenmu ba zai ce ai ganga ce kawai, fatar saniya da sanda biyu. Amma gangar nan ba ta taɓa yin ƙarya a ƙauyenmu ba. Duk wanda aka kaɗa wa, ya tafi, ba a ƙara tambayar inda yake. Akwai wata yarinya da aka taɓa kaɗa wa tana raye, lokacin Anbarasu yana makaranta. Bayan damina aka same ta a rijiya. Babu wanda ya yi mamaki, don tuni kowa ya ci shinkafar makokinta.

A bakin kotu akwai gunkin mutumin nan mai shuɗin kwat, ɗan irin unguwarmu da ya tsara wa ƙasar dokarta, rungume da littafin doka, yana nuna gaba da yatsa. An yi masa keji na ƙarfe an sa kwaɗo, don kada a fasa masa kai. A gindinsa mai shayi yake. Nan suka tsaya, Anbarasu ya gaya mata duk abin da uban ya ce.

Mu mazan unguwar ƙasa jarumai ne, kowa ya sani, musamman idan muna birni, ƙauye yana nesa, kuma babu ɗan unguwar sama a kusa. Anbarasu ya taɓa rantse mata, a kujerar baya ta bas, cewa ko wuta ce zai shiga. Yau ga wutar, kofin shayi ma ya ƙi zama a hannunsa.

"Malar," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ki koma."

"In koma ina?"

"Gida. Ki ce wa alƙaliya iyayenki za ki bi. In kin koma babu makoki, babu ganga, babu gobara. Ke kina raye, Appa yana raye."

"Kai ma kana raye."

Bai musa ba. Gaskiya ce, kuma ita ce ta fi yi masa ciwo. Tun a tasha wani ɗan ƙaramin mutum yake zaune a ƙirjinsa yana raɗa masa cewa gwauro mai rai ya fi ango a cikin rijiya.

Hawayen da ta riƙe tun gaban hoton suka ɓalle.

"Dube ni, Anbu. Dube ni mana! Wa ya roƙe ka? Ni na bi ka? Wa ya riƙa ajiye min kujerar taga yana cewa ta lalace? Wa ya tsayar da bas cike da mutane a ruwan sama don na manta laima?"

"Ni ne."

"Wa ya ce min ba ya tsoron kowa?"

"Ƙarya na yi. Kowa nake tsoro. Ubanki, ɗan kawunki, karen gidanku. Ke ma tsoronki nake."

Ta kusa yin dariya, kukan ya rinjaye ta. Ta jawo zaren auren daga cikin rigarta, rawaya, da ɗan guntun kurkum a ƙulle, don ba su samu sukunin sayen zinariya ba.

"Kullum ina tsayawa gaban yara ina koya musu cewa a gaban doka kowa ɗaya ne. Suna maimaitawa da ƙarfi, na layin gaba da na layin baya. In na koma yau, me na koya musu? In kana so a cire wannan, sa hannunka ka cire. Kai ka ƙulla."

Ya dubi zaren, ya dubi gunkin.

"Malama, mai littafin ma ga shi a keji."

"Amma bai sauke yatsan ba."

Bai cire zaren ba. Ba don jarumta ba. Hannunsa ne ya ƙi ɗaguwa.

A farfajiyar kotu suka tarar da su. Maza cikin fararen zannuwa, tawul a kafaɗa, sun cika gefe guda. Duraipandi yana jingine da ginshiƙi yana kaɗa makullin mota a yatsa. Da ya hango Anbarasu ya yi murmushi, irin na mahauci da akuya.

"A'a, ango! Ka ƙara ramewa. Ba ta iya girki ba ne, ko tsoro ne?"

Kafin wani ya yi magana, wata tsohuwa ta ratso mutane da gudu, gashinta a warwatse, babu fure babu ɗigon ja a goshi. Sornam ce, uwar Malarkodi. Ba ta rungume ta ba. Zubewa ta yi a kan siminti ta kama ƙafafun 'yarta.

Kowa a farfajiyar ya juyo. A wajenmu uwa ba ta taɓa ƙafar 'ya.

"Atta! Uwata, tashi! Wayyo, ki tashi, mutane suna kallo!"

"Su kalla. Me ya rage da ba su gani ba? Ba zan tashi ba sai kin ce za ki biyo ni."

Malarkodi ta durƙusa, suka haɗa goshi suna kuka.

"Atta, kun kashe ni a bango. Kun sa min ranar mutuwa."

"Ba mu ba ne! Na rantse da fitilar ɗakin bautarmu, ba mu ba ne. Wancan mahaukacin ne, Durai, ya buga ya manna cikin fushi. Ubanki bai sani ba sai da ya fito yau. Da ya gani sai da aka riƙe shi."

"Gangar fa? Zaman makokin fa?"

"Wace ganga? Duk surutun Durai ne. Ubanki zai yi miki makoki? Mutumin da tun ranar da kika tafi bai sa shinkafa a bakinsa ba? Jiya a rumbu na same shi, da kwalbar maganin feshi a gabansa, yana kallonta. Ni na ƙwace. Gobe in ba na kusa fa? Ki ce min, gobe fa?"

Malarkodi ta toshe bakinta da gefen sari.

"Ba mu ce ki rabu da shi ba," Sornam ta ci gaba, ba tare da ta kalli inda Anbarasu yake ba, kamar ana maganar wani ciwo. "Ki zo ki kwana biyu kawai. Uban ya ga fuskarki ya ci abinci. Mutane su ga kin shigo da ƙafarki. In ƙura ta kwanta, mu da kanmu za mu kira shi a zauna. Ni na haife ki, Malar. Na taɓa yi miki ƙarya?"

Malarkodi ta waiwayo ta dubi mijinta. Kallon tambaya ne. Abin da ya kamata ya ce a bayyane yake, ko jaririn goye ya san shi. Ya buɗe baki, ya hango makullin Duraipandi yana juyawa, ya rufe.

Masinja ya leƙo ya kira sunayensu.

Ɗakin shari'ar ƙarami ne, ya cika maƙil, fanka tana juyawa a sama kamar ba ta so. Alƙaliyar mace ce mai furfura, tabarau a ƙarshen hanci. An zaunar da Anbarasu a gefe, kusa da wani ɗan sanda.

Sai Ayya Ponnambalam ya shigo, dogo, gashin baki fari fat, ya rame ƙwarai. Anbarasu bai san lokacin da ya miƙe ba. Bai san lokacin da ƙafafunsa suka zame daga cikin takalmi ba, hannayensa suka harɗe a ƙirji, wuyansa ya sunkuya. Jikin ne ya yi abinsa, bai yi shawara da shi ba.

"Kai," in ji alƙaliya. "Wa ya ce ka cire takalmi?"

"Babu, ranki ya daɗe."

"Nan gidan bauta ne?"

"A'a, ranki ya daɗe."

"To mayar, ka zauna."

Ya mayar. Na hagu ya ƙi shiga sai da ya sa hannu. Wani ya yi dariya a baya.

Lauyan Ayya ya tashi ya yi dogon bayani: yarinya mai tarbiyya, an yaudare ta, uba mai ƙauna, babu abin da yake nema sai 'yarsa ta dawo gida lafiya. Aka tambayi Ayya ko haka ne. Ya ce haka ne, muryarsa tana rawa. Ko Anbarasu sai da ya ji tausayinsa.

Alƙaliya ta juya.

"Malarkodi, ke ba yarinya ba ce. An sace ki?"

"A'a, ranki ya daɗe. Da ƙafata na tafi."

"Wannan mijinki ne?"

"Mijina ne."

"To wa za ki bi daga nan? Abin da kika faɗa shi kotu za ta yi. Kada ki dubi kowa."

Amma ta duba. Ta dubi uwar da ke kuka, ta dubi uban da ƙasusuwan wuyansa suka fito, ta dubi mijin da ke kallon takalminsa.

"Ranki ya daɗe... idan zai yiwu... in je gida in kwana biyu..."

Ɗan ƙaramin mutumin da ke ƙirjin Anbarasu ya sauke ajiyar zuciya. Sauran jikinsa kuwa ya yi sanyi kamar an kwantar da shi a rijiya.

Ƙofar baya ta yi ƙara. Wani tsoho baƙi, gajere, ƙafa duk ƙura, ya shigo yana raɓe-raɓe, ya tsaya jikin bango da tawul a hammata. Sangili ne.

"Ba a tsayuwa a kotu," masinja ya ce masa ƙasa-ƙasa. "Zauna, baba."

"A'a, nan ma ya isa."

"Na ce zauna!"

Ya kama kafaɗarsa ya danna shi a gurbin da ya rage a ɗakin duka. Gurbin kuwa a ƙarshen bencin Ayya Ponnambalam yake. Gwiwar makaɗi ta gogi farin zanen mai gona.

Ayya ya yi tsalle kamar kunama ta harbe shi. Ya manta da lauya, ya manta da alƙaliya, ya manta ba a ƙarƙashin bishiyar ƙauye yake ba. Ya kira tsohon da sunan nan na asalinmu, wanda doka ta hana a faɗa, wanda kowane ɗan unguwar ƙasa ya san ɗacinsa tun kafin ya san ɗacin magani.

"Kai har ka isa ka zauna inda na zauna? Me ma ya kawo ka nan? Ban aika maka ka gasa ganga ba? Wanzami yana jira, an sayo tukunya, an ɗora shinkafar mutane! In kana nan, uban wa zai kaɗa min da yamma?"

Lauyan ya kama hannunsa, amma magana ta riga ta fita.

Alƙaliya ta cire tabarau ta ajiye.

"Makokin wa za a yi da yamma?"

Lauyan ya sunkuyar da kai kan takardunsa.

"Baba," ta ce wa Sangili, "kai wane ne?"

Tsohon ya miƙe, tawul ɗin ya faɗi.

"Makaɗi ne, ranki ya daɗe. Uban wancan. Ni dai tun ina yaro ban taɓa kaɗa wa gawar da ban gani da idona ba. Aka ce min tana nan, shi ne na zo in duba." Ya juya ya dubi Malarkodi, ya daɗe yana dubanta. "To na ga tana numfashi."

Malarkodi ba ubanta ta kalla ba. Uwarta ta kalla.

"Atta. Kin ce bai sani ba."

Sornam ta ja sari ta rufe fuska.

"Atta, kin rantse da fitila. An ɗora shinkafa? Ke kika auna?"

Kukan da ya fito daga ƙarƙashin sarin shi ne amsar.

Malarkodi ta share fuskarta da tafin hannu, ta gyara tsayuwa yadda take yi a gaban allo.

"Ranki ya daɗe, na janye. Mijina zan bi."

Alƙaliya ba ta ja magana ba. Ta ce mace baliga ta zaɓa, kuma doka ba ta tambayar asalin miji. Ta ce kalmar da Ayya ya furta laifi ce, an rubuta, za a neme shi a kanta. Ta ce in wani abu ya sami matar nan, ko mijinta, ko tsohon nan, kotu ta san ƙofar da za ta fara ƙwanƙwasawa. Ta umarci ɗan sanda ya raka su har tasha.

Da Ayya zai fita, ya tsaya daidai Anbarasu. Bai ɗaga murya ba.

"Ɗakin nan nata ne," ya ce. "Hanya kuma tamu ce."

A wajen mai shayi Sangili ya bar gangar, a cikin buhu. Ya zaro ta, faffaɗa kamar faifai, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ta yi wani sanyin sauti.

"Ta saki. Sai an gasa."

Ya waiga yana neman abin hura wuta. Sai ya miƙa hannu ya yage hoton da ke jikin katanga, ya yage na kusa da shi, ya murɗe su, ya roƙi ashana wajen mai shayi. Ya riƙe fatar a kan harshen wutar yana juyawa, har idanun nan biyu masu hawaye suka zama toka.

"Appa, me kake yi? Suna kallo!" in ji Anbarasu.

"Kuɗin shiga na karɓa?"

Ya rataya gangar, ya ɗauki sanduna. Ba kiɗan mutuwa ya yi ba. Na aure ya yi, mai sauri, wanda muke yi a unguwarmu idan amarya ta shigo. Ya kuskure sau da yawa, kuma bai daɗe ba ɗan sanda ya ce a daina, nan bakin kotu ne.

Malarkodi ta sunkuya ta taɓa ƙafafunsa masu ƙura. Tun tana 'yar ƙarama Sangili take kiransa, gatsal, kamar yadda duk yaran unguwar sama suke yi.

"Appa," ta ce.

Tsohon ya ja da baya a firgice, ya waiga hagu da dama.

"Tashi, 'yar nan, tashi. Za ki sa a kashe ni tun kafin in ci abincin rana."

A tasha suka roƙe shi ya bi su birnin Koyambatur, inda wani abokin aikin Anbarasu ya yi musu alkawarin ɗaki. Ya ƙi.

"Uwarka tana gida. In ban koma ba za su ce na gudu, su fara da rufin mutane. In na koma, ni kaɗai ne mai laifi." Ya cusa gangar a buhu. "Ku tafi. Kada ka kira ni, ni zan kira ka."

Ya hau bas ɗin ƙauye, ya tsaya a tsaye duk da akwai kujeru. Ɗan sandan ya ga sun shiga tasu, ya duba agogo, ya ce aikinsa ya ƙare a nan, ya juya.

Motocin biyu suka fita a jere. A bayansu wata farar mota jif ta taso a hankali, Duraipandi a sitiyari, maza cike a baya.

Anbarasu ya manne fuskarsa a gilashin baya. Yana ganin jif ɗin, yana lissafin gadoji da dazuzzukan ƙaya da ke tsakaninsu da Koyambatur, don babu kwanar da bai sani ba a hanyar nan. Malarkodi ta riƙe hannunsa, nata ya fi nasa sanyi.

Suka iso mararraba. Bas ɗinsu ta yi dama. Ta ƙauye ta yi hagu.

Jif ɗin ta ɗan tsaya, kamar mai tunani. Sannan ta yi hagu.

Abu na farko da Anbarasu ya ji daɗi ne, tsantsar daɗi, har cikin ƙashi. Ba su suke bi ba. Ya rayu. Ɗan ƙaramin mutumin nan har rawa ya taka.

Sai ya hango, can ta gilashin ɗaya motar, wani gajeren tsoho a tsaye, rungume da buhu.

"Anbu," Malarkodi ta ce.

Tsoro bai bar shi ba, ko kaɗan. Amma hannunsa, wanda ya ƙi ɗaguwa ɗazu a gindin gunki, ya shiga aljihun riga da kansa ya lalubo usur ɗin aiki. Ya sa a baki, ya hura dogo guda ɗaya.

Babu direba a ƙasar nan da ƙafarsa ke shawara da shi idan ya ji wannan. Bas ta ci birki, kaya suka zubo, kwandastan motar ya juyo yana zage-zage yana neman wanda ya shigar masa aiki.

"Akwai sauka," in ji Anbarasu, da wata siririyar murya da shi kansa bai gane ba. "Mutum biyu. Malar, ki kira kotu, ki kira ɗan sandan nan, ki kira duk wanda ke da waya."

Ya dira a kan kwalta, hanyar ƙauye a gabansa, ƙurar jif ba ta gama kwanciya ba. Ya dubi ƙafafunsa. Suna rawa, amma takalman suna nan.